Kwabo 50 da Ƙofar Amina: Yadda Kwanon Abinci da Ɗakin Kwana Suka Girgiza Jami'o'in Nijeriya

A ranar 17 ga Afrilu, 1978, ɗaliban manyan makarantun Nijeriya suka ƙaurace wa azuzuwa. Ga mai hange daga nesa, dalilin bai taka kara ya karya ba: ƙarin kwabo 50 ne a kan kuɗin abincin da ɗalibi yake biya kowace rana, haɗe da ƙarin kuɗin ɗakin kwana. Amma kafin ƙura ta lafa, an kashe ɗalibai a Legas da Zariya, an haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, shugabannin jami'o'i biyu sun rasa kujerunsu, an kuma sallami malamai daga aiki. Bayan shekara takwas jini ya sake zuba a Samaru, a wannan karon kuwa ƙofar ɗakin kwanan 'yan mata ce ta zama sila.

Yawanci idan ana ba da tarihin gwagwarmayar ɗalibai, hankali yakan tafi ne ga manyan batutuwa: mulkin soja, aƙidar gurguzu, yaƙi da mulkin mallaka. Duk waɗannan suna cikin labarin. Sai dai wanda ya bi diddigin rikice-rikicen da suka fi cin rayuka zai tarar da cewa daga harkokin yau da kullum suka faro, wato abin da za a ci, da inda za a kwana, da wanda ke da ikon shiga ina. A waɗannan wurare ne ɗalibi yake haɗuwa da hukuma safe da yamma, a nan ne kuma yake auna ko ana riƙe da shi da mutunci.

Alkawarin da ba a rubuta ba

An buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948 bisa tsarin Ingila, inda ɗalibi yake kwana a cikin makaranta, ya ci abinci a cikinta, har wanki a yi masa. Jami'o'in da aka kafa a farkon shekarun 1960, wato Nsukka da Ife da Legas da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, duk sun gaji wannan tsari. Ga ɗan mai hali, gado da kwanon abinci wani jin daɗi ne kawai. Ga ɗan manomi da ya fito daga Gumel ko Biu ko Zuru kuwa, su ne ainihin ƙofar ilimin. Mahaifinsa ba shi da kuɗin da zai kama masa haya a birni, ba shi kuma da albashin da zai riƙa aiko masa da guzuri duk wata. Idan gwamnati ta ɗauke masa nauyin ci da kwana, ya yi karatu. Idan ta sauke, ya koma gida.

Ita ma gwamnati tana da buƙatarta. Ƙasar da ta samu 'yanci a 1960 tana neman likitoci da injiniyoyi da malamai da manyan ma'aikatan da za su maye gurbin Turawa. Saboda haka aka zauna a kan wata fahimtar juna da ba a taɓa rubutawa ba: hukuma ta ciyar, ta ba da makwanci, shi kuwa ɗalibi ya yi karatu ya fito ya yi wa ƙasa aiki. Lokacin da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ɓullo da shirin bautar ƙasa a 1973, ɗalibai sun yi bore a farko, daga baya suka rungume shi, aka ƙara shekara guda ta hidima a kan nasu ɓangaren alkawarin.

Akwai wani abin lura a farkon tarihin nan. A ƙarshen 1960, ɗaliban Ibadan suka yi tattaki zuwa majalisar dokoki a Legas domin nuna adawa da yarjejeniyar tsaro tsakanin Nijeriya da Birtaniya. Batu ne na siyasar ƙasa da ƙasa, wanda ya shafi martabar gwamnati kai tsaye, amma a watan Janairun 1962 gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ta soke yarjejeniyar. Ranar da aka fara zubar da jinin ɗalibi kuwa, a kan abinci ne. A 1971, ɗaliban zauren Nnamdi Azikiwe na Jami'ar Ibadan suka koka da yadda ake tafiyar da ɗakin cin abincinsu, suka nemi a sauya mai kula da shi. Magana ta yi tsami, aka kira 'yan sanda, ranar 1 ga Fabrairu harsashi ya samu Kunle Adepeju, ya rasu. Shi ake ɗauka a matsayin ɗalibin jami'a na farko da 'yan sanda suka kashe a ƙasar. Daga wannan rana aka buɗe wata ƙofa da ta yi wuyar rufewa: shigo da bindiga cikin rigimar da ta taso daga kicin.

Lissafin kwabo 50

Shekarun 1970 sun zo da kuɗin man fetur, suka kuma zo da dogon buri. A 1975 Gwamnatin Tarayya ta karɓe jami'o'in jihohi, ta kuma aza harsashin wasu sababbi bakwai a Jos da Kalaba da Maiduguri da Sakkwato da Ilori da Fatakwal da Kano. A 1976 aka ƙaddamar da shirin ba da ilimin firamare kyauta ga kowa. A 1977 aka soke kuɗin koyarwa a jami'o'i, a farkon wannan shekarar kuma ƙasar ta ɗauki nauyin gagarumin bikin al'adun baƙar fata na FESTAC. Ana cikin haka kuɗin shiga daga man fetur ya ja baya, gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta shiga tsuke bakin aljihu.

Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wadda Dokta Jibril Aminu yake sakatarenta a lokacin, ita ce ta sanar da sabon tsarin kuɗin ci da kwana. Hujjar gwamnati a fili take, tana kuma da nauyi: yawan ɗalibai ya ninka, farashin kayan abinci ya tashi tun bayan ƙarin albashin Udoji, abin da ɗalibi yake biya bai kai kuɗin abin da yake ci ba, ga kuma miliyoyin yara a firamare da su ma suke jiran nasu kason.

To, amma ga yadda lissafin yake a aljihun uba. A wancan zamani naira ta fi dalar Amurka daraja. Idan aka ɗauki shekarar karatu a mako 36, kwabo 50 a rana ya kama naira 126, ban da kuɗin ɗaki. Mafi ƙarancin albashin ma'aikacin gwamnati bayan Udoji naira 60 ne a wata. Wato masinja ko lebura zai ba da albashinsa na wata biyu cur, ya ƙara da wani abu, kafin ya cike giɓin abincin ɗa guda. Manomin da ba ya ganin kuɗi sai kaka ba a ma maganarsa. Ga kuma ɗacin da ke tattare da lokacin: mutanen da suka ga irin dukiyar da aka kashe a kan biki shekara guda da ta wuce, su ne ake ce wa baitulmali ba zai iya ɗaukar kwanon shinkafa ba.

Makon Afrilu

Ƙungiyar Ɗalibai ta Ƙasa, NUNS, wadda aka kafa tun 1956, tana ƙarƙashin jagorancin Segun Okeowo, ɗalibin Jami'ar Legas. Shugabanninta sun yi taruka, sun kai kuka, sun nemi a janye ƙarin, ba su samu biyan buƙata ba. Fushin ya tattaru a kan Kwamishinan Ilimi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali, likitan soja wanda shi ne ya fara shugabantar hukumar bautar ƙasa. Daga sunansa aka samo kirarin da ya zama sunan rikicin har yau, Ali Must Go, wato dole Ali ya sauka.

Ranar farko ta ƙaurace wa darussa ta wuce. Washegari, 18 ga Afrilu, 'yan sanda suka yi arangama da ɗalibai a Jami'ar Legas, aka harbi Akintunde Ojo, ɗalibin fannin zanen gine-gine, ya rasu. Labarin mutuwarsa ya bazu kamar wutar daji. A Samaru, ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello suka fito, aka turo sojoji, aka buɗe wuta, ɗalibai da dama suka rasa rayukansu, wasu suka jikkata. Zariya ce ta ɗauki asara mafi girma a rikicin. A Legas kuwa zanga-zangar ta fice daga harabar makaranta ta shiga unguwanni, domin talakan gari ya gane cewa kukan tsadar abinci nasa ne shi ma.

Gwamnati ta rufe makarantu, ta haramta NUNS, ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Usman Mohammed. Farfesa J. F. Ade Ajayi, masanin tarihin nan da ke shugabantar Jami'ar Legas, da Farfesa Iya Abubakar na Jami'ar Ahmadu Bello, duk sun bar kujerunsu a sanadin rikicin. An kori Okeowo daga jami'a. An sallami wasu malamai masu ra'ayin kawo sauyi, cikinsu har da Ola Oni da Bade Onimode da Omafume Onoge na Ibadan. Ƙarin kwabo 50 kuwa ya zauna daram.

Ta fuskar buƙatar da ta fito da su, ɗalibai sun sha kaye. Amma sun nuna wani abu da ba a saba gani ba a ƙarƙashin mulkin soja: ɗan Arewa da ɗan Kudu, Musulmi da Kirista, shekara takwas kacal bayan yaƙin basasa, sun tsaya a sahu ɗaya a kan abin da ya haɗa su. A 1980, bayan komawa mulkin farar hula, aka kafa sabuwar ƙungiya, NANS, ta gaji tsohuwar.

Abin da aka fara da kwabo 50 ya kai ƙarshensa a 1984, lokacin da gwamnatin Manjo Janar Muhammadu Buhari, wadda ta tarar da baitulmali cikin mawuyacin hali, ta janye tallafin ciyarwa a jami'o'i. Manyan ɗakunan cin abinci suka mutu ko suka koma hannun 'yan kasuwa, risho da tukunya suka shiga ɗakunan kwana, masu sayar da abinci suka kafa rumfuna a gefen makarantu. Tare da tikitin abinci aka rasa wani abu da ba ya cikin kasafin kuɗi, wato teburin da ɗan minista da ɗan manomi suke zama su ci abu ɗaya sau uku a rana.

Ƙofar Amina

A watan Afrilun 1986, ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello suka shirya jerin gwano domin tunawa da waɗanda aka kashe a 1978. Cikin tafiyar, ayarin ya ratsa zauren Amina, ɗakin kwanan 'yan mata da aka raɗa wa sunan Sarauniyar Zazzau, wanda dokar makaranta ta taƙaita shigar maza cikinsa. Hukumar jami'a ƙarƙashin Farfesa Ango Abdullahi ta ɗauki wannan a matsayin babban laifi, ta hukunta shugabannin ɗalibai da kora da dakatarwa.

Ya kamata a yi wa kowane ɓangare adalci. Dokar zauren Amina tana da tushe. A Arewa, inda karatun 'ya mace a jami'a yake sabon abu a gidaje da yawa, uba yana sakin 'yarsa ne bisa amanar cewa akwai katanga da ƙofa da mai gadi. Ɗalibar ma tana da haƙƙin samun wurin da za ta sake, ta cire mayafi, ta yi wanka da wanki ba tare da idon namiji ba. Wanda ya san darajar zaure da soro a gidan Bahaushe ba zai raina wannan ba. Su kuwa ɗalibai sun ga cewa an fake da guzuma ne domin a harbi karsana: an yi amfani da batun ƙofa domin a karya ƙungiyar da ta daɗe tana takun saƙa da hukumar makaranta. Kowane ɓangare yana da abin kamawa, kuma irin wannan saɓani kwamitin ladabtarwa da dattawan makaranta suna iya warware shi.

Ba haka aka yi ba. Ɗalibai suka fito suna neman a janye hukuncin, kirari ya koma neman saukar shugaban jami'a, hukuma ta nemi taimakon 'yan sanda. Ranar 23 ga Mayu, 1986, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka shiga Samaru suka yi harbi. Alƙaluman hukuma sun ce mutum huɗu ne suka mutu, ɗalibai da wasu kafafen labarai kuwa sun ce adadin ya zarce haka nesa ba kusa ba. Cikin waɗanda aka kashe akwai ɗaliba, Halima Farida Mustapha. Rikicin da aka ce an faro shi domin kare mutuncin 'yan mata ya ƙare da gawar ɗaya daga cikinsu.

Zanga-zanga ta bazu zuwa jami'o'in ƙasar, aka rufe da yawa daga cikinsu. Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa ƙarƙashin Ali Chiroma ta sa ranar 4 ga Yuni domin tattakin nuna goyon baya, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana, ta tsare shugabannin ƙungiyar. Ministan Ilimi a lokacin shi ne Farfesa Jibril Aminu, mutumin da ya sanar da ƙarin kuɗin 1978. Farfesa Ango Abdullahi ya bar kujerarsa a wannan shekarar.

Neman mai zuga

Kamar a 1978, an kafa kwamitocin bincike: na Manjo Janar Emmanuel Abisoye a kan abin da ya faru a Zariya, sannan na Mai Shari'a Mustapha Akanbi a kan rikicin ƙasa baki ɗaya. Abin da aka fi tunawa da shi daga binciken Abisoye shi ne zargin cewa wasu malamai ba sa koyar da abin da ake biyansu su koyar. Wannan zargi ya bayyana yadda masu mulki suke kallon lamarin. A ganinsu ɗalibi ba zai fusata da kansa ba, sai dai in wani ne ya hure masa kunne. Da zarar an yarda da haka, babu sauran buƙatar duba kwanon abinci ko adalcin hukunci. Aiki ya koma farautar mai zuga.

Matakan da suka biyo baya duk a kan wannan turba suke. An haramta NANS, an mayar da shiga ƙungiyar ɗalibai ganin dama, an raba ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, da Ƙungiyar Ƙwadago ta hanyar dokar soja. Abin da malami yake faɗa a aji, da littafin da yake ba ɗalibai, da waɗanda yake zama da su, suka zama abin sa ido ga jami'an tsaro. A 1988 aka kama Dokta Patrick Wilmot, malamin nazarin zamantakewa a Zariya, ɗan asalin Jamaika, aka fitar da shi daga ƙasar. A 1989 aka sallami Dokta Yusufu Bala Usman na sashen tarihi, sai da kotu ta mayar da shi. A wannan shekarar ce kuma, bayan boren adawa da shirin gyaran tattalin arziki na SAP, aka kafa Doka ta 47 wadda ta ba hukuma ikon rusa ƙungiyoyin ɗalibai. Hukumar da ta hukunta ɗalibai saboda keta ƙofar ɗakin kwana, ita ce ta wayi gari tana leƙen aji da ofis.

Matsin tattalin arzikin bai tsaya a iyakar Nijeriya ba, haka ma irin martanin. A Yamai, ranar 9 ga Fabrairu, 1990, ɗaliban Nijar suka fito suna adawa da matakan tsuke bakin aljihu da suka shafi ilimi da alawus ɗinsu. Jami'an tsaro suka tare su a gadar Kennedy suka buɗe wuta, aka kashe uku. Wannan kisa yana cikin abubuwan da suka tilasta wa gwamnatin Janar Ali Saibou amincewa da babban taron ƙasa na 1991, wanda ya buɗe ƙofar jam'iyyu da yawa. Kukan alawus ya zama mafarin sauya tsarin mulki.

Abin da ya rage

Murƙushe ƙungiyoyin ɗalibai ya kawo shiru, amma bai kawo lafiya ba. Masu nazarin harkar ilimi da yawa suna danganta bunƙasar ƙungiyoyin asiri a jami'o'in Kudu, da rarrabuwar ɗalibai bisa addini da ƙabila a ko'ina, da giɓin da aka bari lokacin da aka karya ƙungiyar da take haɗa kowa. Ita kanta NANS ta rayu, sai dai ta sha fama da ɓangaranci da zargin kusanci da 'yan siyasa. Hukumomin makarantu kuwa sun rasa abokin tattaunawa: idan babu zaɓaɓɓen shugaban da ɗalibai suka yarda da shi, babu wanda zai kawo kuka tun yana ƙarami, babu kuma wanda zai ce a koma aji a saurare shi.

Tambayar da aka yi a 1978, wato wa zai ɗauki nauyin ci da kwanan ɗan talaka har ya gama karatu, ba a amsa ta ba. Ɗage ta aka yi ta yi. A 2022 yajin aikin ASUU ya rufe jami'o'in gwamnati wata takwas. A 2023 jami'o'in tarayya da dama suka ninka kuɗin rajista, a daidai lokacin da janye tallafin man fetur ya ɗaga farashin abinci da sufuri. A 2024 asusun ba ɗalibai rance, NELFUND, ya fara aiki. Nauyin da hukuma ta ɗauka a da, ta sauke wa iyaye, yanzu ana miƙa shi ga ɗalibin kansa a matsayin bashin da zai biya idan ya samu aiki. Mai yiwuwa babu wata hanyar da ta fi wannan a ƙasar da ɗalibanta suka kai miliyoyi, amma sauyi ne babba a kan tsohon alkawari, kuma an yi shi ba tare da an zauna da waɗanda abin ya shafa ba.

Yawancin waɗanda suka riƙe ma'aikatu da jami'o'i da majalisu a shekarun baya-bayan nan sun ci abinci da tikiti, wasunsu ma suna cikin sahun da aka watsa wa barkonon tsohuwa. Sun fi kowa sanin cewa a 1971 da 1978 da 1986 akwai kwanaki, wani lokaci makonni, tsakanin ranar da aka kawo kuka da ranar da aka yi harbi, kuma a cikin waɗannan kwanaki batun bai wuce na kicin da kwamitin ladabtarwa ba. A Jami'ar Ibadan, ginin ƙungiyar ɗalibai yana ɗauke da sunan Kunle Adepeju har yau. Abin da 'yan'uwansa suka nema a wancan mako shi ne a gyara musu ɗakin cin abinci.